Ɗan da Bai Yi Tsargiya Ba

Akwai wata mata mai 'ya'ya maza biyu a wani ƙauye na bakin tafki. A ƙauyen nan, da yaro ya tasa sai ya fara fitsarin jini, wato tsargiya. Ba mai tada hankali, sai ma a ce, "Madalla, yaro ya zama namiji."

Babban ɗanta, Zakka, ya yi tasa da wuri, don kullum yana cikin tafki kamun kifi. Autan kuwa, Irmiya, tsoron ruwa yake, sai kiwon awaki a tudu. Har ya kai shekara sha huɗu, ko ɗigon jini babu. Mata suka sa uwar a gaba: "Maman Zakka, anya autan nan naki zai haihu kuwa?"

Abin ya hana ta sukuni. Ta ba shi jiƙo, ta yi addu'a, shiru. Ranar kasuwa sai ta sa Zakka ya kai su asibiti a keke, ita da Irmiya, ta bar shi a waje yana haki.

Ta ce wa malamar asibiti, "Malama, taimake ni, yaron nan ya ƙi yin fitsarin jini."

Malamar ta ajiye biro. "Mama, me kika ce?"

"Ai wansa shekara shida ke nan yana yi, lafiyarsa lau, sai ɗan yawan gajiya."

Aka kira Zakka. Malamar ta duba cikin idonsa, fari fat. Ta ce, "Mama, wanda kika kawo lafiyarsa ƙalau. Majinyacin shi kika bari a waje. Tsutsar ruwa ce ke zubar masa da jini. In an bar shi, har ƙoda takan taɓa."

Uwar ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Duk garinmu fa haka ne!"

"To, duk garinku ke bukatar magani."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: yawan masu ciwo ba ya mai da ciwo lafiya. Ƙarya, gulma, riƙo a zuci, mun saba da su har muna cewa ai kowa ma haka yake. In ɗanmu ya ƙi bin sahu, shi muke kira sakarai. Ni dai abin nan na ba ni tsoro. Kada mu auna lafiyarmu da ta maƙwabta, mu kai kanmu gaban Yesu ya duba mu. Iyaye, a gidanku, wa kuka bari a waje yana haki?