Rabon Gidan Madugu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani tsohon birni tun zamanin da ake rufe ƙofar gari da magariba. Sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, jama'a, don labarin gida ne, kuma kowanenmu daga gida ya fito.

Kakan Nomau ne ya gina gidan, wani madugu mai fataucin goro. Ya yi soro, ya yi zaure, ya haƙa rijiya ya ce sadaka ce ga unguwa. Fatake sun sauka a gidan, baƙi sun kwana. Bayansa ɗansa marini ya zauna, har bangon tsakar gida ya riƙe shuɗin baba. Da marinin ya rasu, gida ya faɗo hannun 'ya'yansa biyu, Barau babba da ƙanensa Nomau.

Barau ya zaɓi soro da zaure. Nomau aka bar shi da bayan gida, inda a da ake ɗaure jakuna, sai rijiyar da ta faɗo a ɓangarensa. Ya yi hamdala, ya kwaɓa ƙasa, ya tayar da ɗakinsa.

To, masu ɗiban ruwa ta zaure suke wucewa. Su gai da Barau a tsaitsaye, su shige. Jim kaɗan sai ya jiyo dariya daga ciki, ana hira da Nomau. Shi ke da soro, amma ƙanensa ke da mutane. Abin nan ya riƙa cin Barau kamar gara. Ya ci tuwo bai ji daɗinsa ba, ya yi salla zuciyarsa na bakin rijiya.

Sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai rijiya a rabonsa take. Aka kira Nomau. Bai yi musu ba, ya ce, "Yaya, ka riƙe ta. Ka dai bar mutane su sha, don kaka bai haƙa ta domin ni ko kai ba."

Barau ya ja katanga tsakaninsu, ya rufe rijiya, ya zauna yana jiran a zo a roƙe shi. Ba wanda ya zo. Mutane suka koma rijiyar bayan masallaci, Nomau yana ɗauko wa tsofaffi tulu a kafaɗa. Ya buɗe 'yar ƙofa ta lungu, hira ta koma can. Zauren madugu, da ya saba da takalman baƙi, ya zama sai Barau da buzunsa.

Da bazara Nomau ya zagayo ya gaya masa azarar soro ta ruɓe, ya nemi ya bar shi ya gyara kafin ruwa. Barau ya ƙi. Ku ji dalili: kada a ce ƙane ya rufa masa asiri.

Marka ta sauka. Wata rana da la'asar soro ya rufta da Barau a ciki. Nomau ya fasa katangar nan, ya yi ta tono da hannu har farcensa ya tsage, ya jawo yayansa ƙafa a karye. Ya kira maɗori, ya kwantar da shi a kan gadonsa, shi ya koma tabarma.

Ana nan, wata safiya ya kawo masa kunu. Barau ya dube shi ya ce, "Ka san abin da ya fi ƙafar nan yi mini ciwo? Ina jin mutane a waje suna sa maka albarka."

Nomau ya ajiye ƙwarya ya ce, "To kai ma ka sa mini mana, Yaya. Taka nake nema tun muna yara."

Barau ya juya fuska ga bango, ya yi kuka. Ranar bai iya faɗa ba. Sai da kaka ta yi, ranar da ya fara taka ƙafar yana dafe da kafaɗar ƙanensa, sannan bakinsa ya buɗe ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Jama'a, hassada mai ita take fara ci. Haƙuri kuwa ba ya tozarta mai shi, ko an bar shi da turken jaki. Da yawanmu a nan gidan gado muke kwana, kuma akwai wanda tsakaninsa da ɗan'uwansa katanga ce, ba su ko gaisawa. Kada ka jira sai soro ya rufta. In an tashi daga nan, ka zagaya ka yi masa sallama.