Kujerar Bakin Kicin

Akwai wata mata da mijinta ya rasu yana jakada. Ta rasa miji, ta rasa gidan gwamnati da direba, ta rasa wayar nan da ba ta yin shiru. Abin da ta samu: ƙaramin gida, ciwon gwiwa, da dogon teburin cin abinci da ita ta sa kafinta ya ƙera mata tun da can.

Uwar Tebur ake ce mata. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma a zamanin mijinta ita ke cewa wane zauna nan, wance koma can. Wanda ta zaunar kusa da maigidan, kafin a kwashe kwanuka buƙatarsa ta biya. Wanda ta tura ƙarshen tebur ya san kasuwarsa ta faɗi.

Akwai matar wani ƙaramin sakatare, mai kunya, ko cokali mai yatsu ba ta iya riƙewa ba. Kullum kujerar bakin kicin ake ba ta, inda masu kawo abinci ke bugun kafaɗarta da tire. Ko sannu Uwar Tebur ba ta taɓa ce mata ba.

Da Uwar Tebur ta tare a sabon gida, sai da aka cire ƙofa kafin teburin ya shiga. Ya cinye falon kaf, a karkace take wucewa. Nan take zama ita kaɗai tana jin ƙarar cokalinta a faranti. Ƴaƴanta suna nesa. Ƙawaye kuma sun koma teburin wasu.

Ran nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar sakataren nan ce. Mijinta ne sabon jakada.

"Mama, teburin nan na zo tayawa. Duk teburin da aka sa a ɗakin cin abincin gidan gwamnati sai ya zama kamar benci."

"Taya mu ji."

Ta taya. Uwar Tebur ta yi dariya. "Albarka! Ƴar nan, ko ƙafarsa ɗaya ba ki saya ba. Kin san su wa suka ci abinci a kansa?"

"Na sani, Mama. Daga bakin kicin ana hango kowa."

Uwar Tebur ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tashi ta dafa shayi, wai ciniki ba ya daɗi da busasshen maƙogwaro.

Haka suka yi ta yi. Duk mako baƙuwa ta zo ta ƙara, a ce mata albarka. Ranar da ta yarda da farashin da aka yanka mata, sai Uwar Tebur ta ce, "Ai wannan na makon jiya ne. Katako ya tashi."

"Mama, a cikin falonki yake tashi?"

"Ba ki ga har ƙofa ya cire ba?"

Suka yi dariya. Rabon falon da dariya tun ranar da aka shigo da kaya.

Sai wani mako baƙuwa ba ta zo ba. Uwar Tebur ta jera kofi biyu tun safe. Duk motar da ta wuce sai ta ɗaga labule. Shayin ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa. Da la'asar ta wanke kofin da ba a sha da shi ba.

Da baƙuwar ta dawo, ko zama ba ta yi ba.

"Mama, na haƙura. Na sami kafinta zai ƙera mini wani. Ba zan ƙara damunki ba."

Uwar Tebur ta dafa teburin da hannu biyu. Muryarta ta yi ƙasa.

"Wa ya ce miki an tashi daga ciniki?"

"To me kike so, Mama? Duk abin da na kawo kin ƙi."

Uwar Tebur ta kalli kujerun nan da ba kowa a kai.

"Idan na sallama, shi ke nan ba abin da zai sake kawo ki."

Baƙuwa ta ajiye jaka ta zauna. "To ki bi teburinki gidanmu. Duk ranar da muke da baƙi, kujerar kusa da maigida taki ce."

"A'a, ba na cin sadaka. Ciniki muke yi. Kuɗinki ki riƙe abinki. Farashin teburina kujera ɗaya ce, ta bakin kicin, wadda na ba ki, ita za ki ba ni. Na sallama."

Darasi: Ƴan uwana mata, kujerar mijinki aro ce, ranar karɓarta ba a shawara da ke. Wadda kika tura bakin kicin yau, wataƙila ita kaɗai za ta ƙwanƙwasa ƙofarki gobe. Ku tura wa duk wadda ke rabon kujeru a gidanta, ta karanta tun teburinta na cike.