Rijiyar da Aka So a Cike

Akwai wani mutum da ya haƙa rijiya a bayan gari, mai zurfin gaba goma sha biyu, da hannunsa. Mutane da dabbobi suka yi ta sha shekara da shekaru.

Ana nan sai wani makiyayi ya shayar da garkensa a can. Kafin yamma tumaki huɗu suka kumbura suka mutu. Bayan kwana uku ya koma, biyu suka bi su. Sai ya je gaban dattawa ya ce, "Sau biyu tumakina suka sha a rijiyar nan, sau biyu ina asara. Ruwanta ya lalace. A cike ta kafin ta kashe ɗan mutum."

Dattawa suka ga maganar ta kama hankali, suka ce jibi za a cike ta.

Ran mai rijiya ya ɓaci ƙwarai. Ya miƙe ya ce makiyayin maƙaryaci ne, mai hassada, ubansa ma haka yake. To, ina ruwan uban mutum da rijiya? Aka je aka duba, ga mushen tumaki shida cif. Zagin bai tayar da ko ɗaya ba. Mutumin ya koma gida ya kasa cin tuwo, yana jin ana sauke duwatsu a bakin rijiyarsa.

Tsohuwarsa ta dube shi ta ce, "Tumakin sun mutu?"

Ya ce, "Sun mutu, Iya."

"Sun sha ruwan?"

"Sun sha."

Ta ce, "To, daina musun abin da yake gaskiya. Je ka tambayi makiyayin ta ina ya bi da su."

Washegari ya haɗiye fushinsa ya je ya tambaya. Makiyayin ya ce, "Ta gonar dawar can da aka girbe, ta fi kusa."

Suka bi hanyar tare da dattawa. Ashe ruwan da aka yi bayan girbi ya sa tushen dawar ya yi toho, kore shar. Kowane makiyayi ya san tohon dawa yana kashe dabba, shi ma ya sani, amma idonsa na kan rijiya. Ga sawun tumaki, ga inda suka cinye. Aka zaga da sauran garken ta wata hanya, suka sha suka ƙoshi, ba wadda ta ko yi tari. Makiyayin ya sunkuyar da kai. Mai rijiya ma ya roƙi gafara saboda bakinsa. Duwatsun nan kuwa, da su aka gina bakin rijiyar.

Ma'anar wannan misali ita ce, mutum yana iya faɗin abubuwa biyu na gaskiya, ya ɗaura su da igiyar da ba ta riƙe. Wani zai ce maka, "Tun da ka fara zuwa taron sujada ciwo ya shiga gidanka, saboda haka ka bari." Ciwon gaskiya ne, zuwanka sujada ma gaskiya ne. Kada ka zage shi, kada ka yi musun abin da kowa ya gani. Ka dubi wurin da ya ce "saboda haka", ka tambaya cikin tawali'u ko akwai wani dalili da bai duba ba. 'Yan'uwa, da mai rijiyar nan ya tsaya a kan zagi, da ya wayi gari ba shi da ruwan sha, shi da wanda ya zaga.