Kunnen Duna da Ludayin Masu Magani

An yi wani sarki a ƙasar Tsaunin Gwauro, sunansa Jatau, yana da wani karen farauta da ake kira Duna. Wata rana a daji gadu ya taso wa sarki, Duna ya tare shi, ya kuɓutar da ubangidansa, amma haƙorin gadu ya tsaga masa kunnen dama.

Masu magani uku na fada suka yi kwana ashirin a kan kunnen nan, kullum jini sabo, ƙudaje na bi. Waziri Buhari ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jinƙai shi ne a hutar da dabbar nan." Sarki ya ce a yi shela: in Juma'a biyu suka wuce ba a sami mai warkar da Duna ba, a kashe shi.

Sai ga wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Tabawa, wadda mijinta maharbi ne kafin ya rasu. Ta ce a nuna mata yadda ake yi wa karen magani. Abin kunya! Ashe masu maganin nan daga nesa suke tsayawa, su zuba magani da dogon ludayi, don kada kare ya taɓa musu riga. Da ruwan maganin ya sauka sai Duna ya kaɗa kai, raunin ya sake buɗewa.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, maganinsu ba shi da aibi, hannu ne ba su ba shi ba. Abin da ruwa ke wankewa bai isa ya hana rahama ba."

Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan Duna a cinyarta. Ta wanke raunin da tafasasshen ruwa da ya huce, mai ɗan gishiri, ta danne da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya, ta shafa zuma. Sannan ta kwantar da kunnen bisa kansa, ta naɗe da ƙyalle, ta bar wurin shigar yatsu biyu don kada ya shaƙe, yadda ko ya kaɗa kai kunnen ba ya motsi. Kowace safiya tana sake ɗauri. Ran Juma'a ta biyu aka kwance, kunne ya haɗe, Duna ya ruga wurin sarki.

Sarki ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa talaka ba, ya ce, "Iya, kin biya mini bashin rai." Ya ba ta gida da gona. Masu magani kuwa, ya sa aka miƙa wa kowannensu ladansa daga nesa, a cikin ludayinsa: kuɗin wuri ɗaya ɗaya.

Har yau mutanen Tsaunin Gwauro na alfahari da Tabawa, suna cewa adalci, kamar magani, ba a yin sa da dogon ludayi.