Farfelar Cindo

Akwai wani bakanike a Sabon Garin Zariya, ana ce masa Cindo, wanda babu kamarsa wajen naɗa wayar dainamo, injin da ke ba mota wuta. A shekarar 1954 yana aiki a ƙarƙashin babbar mota jak ya goce, motar ta danne masa baya. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake motsi ba.

Ƙanwarsa Liya ta ɗauke shi zuwa gidanta a Samaru. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, taga mai kallon katangar maƙwabta. Shekara uku ke nan bai leƙa waje ba, don ba ya son a gan shi ana ciccibarsa. Zuciyarsa ta ƙuntata, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha baƙar magana. A hankali masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba: Ejiofor, abokin aikinsa na gareji. Kowace Lahadi bayan coci sai ya tuƙo keke tun daga Muciya.

Wata rana ya zo da tsohon dainamo da ya tsinto a bayan gareji, duk tsatsa, ya ajiye a gefen gado. Ya ce ya ga wani Bature ya ɗaura irinsa a kan sanda da farfela, iska tana ba shi wuta.

"Ka ga gurgu, ka kawo masa bola," in ji Cindo. "Ɗauki kayanka."

Ejiofor ya tafi, ya bar dainamon nan.

Kwana tara Cindo yana kallon abin yana tsaki. Ran na goma ya ce wa Liya ta miƙo masa akwatin kayan aikinsa. Ya warware ƙonanniyar wayar, ya kankare tsatsa, ya sake naɗi a kan cinyoyin da ba sa jin nauyi.

Ejiofor ya sassaƙa farfela da katako, ya kafa sanda a bayan ɗakin, ya ja waya zuwa kwan fitila a cikin ɗakin. Gwajin farko, kwan fitilar ko ja bai yi ba. Na biyu, iskar hadari ta karya farfelar. Cindo ya zage shi tas, ya ce hannunsa bai taɓa iya komai ba. Liya ta yi kuka, ta ce yanzu ya kori na ƙarshe.

Lahadi ta zo, sai ga Ejiofor da sabon katako da sarƙar keke, don dainamon ya ƙara gudu.

Da la'asar iskar damina ta taso. Cindo yana kwance yana jin kukan sarƙa ta bayan bango, sai kwan da ke rataye a kansa ya yi ja, ya haska. Can kuma ya fara rawa yana dushewa.

Daga waje Ejiofor ya ce bai gane inda matsalar take ba. Cindo ya kalli ƙofa.

"Zo ka goya ni," ya ce. "Sai na gani da idona."

Liya ta ɗaga labule, Ejiofor ya durƙusa ya juya masa baya.

Darasi: Wanda ciwo ya tsare a ɗaki yakan yi kaushin baki, amma ba kai yake ƙi ba, halin da yake ciki ne. Kada ka daina zuwa wurinsa. Ka tura wannan labari ga wanda ya gaji da jinyar ɗan'uwansa, ko Allah zai ƙara masa haƙuri.