Farin Gefen Gwado

A zamanin Sarki Bawale na Birnin Tsaure, wani dare aka ji ƙarar masaƙa daga sama, ƙwas-ƙwas, kamar ana saƙa cikin gajimare. Da gari ya waye, babu kogi. Kashegari duwatsu suka tafi, sannan gonaki da unguwanni da mutanen cikinsu, har sai da fada kaɗai ta rage a fili fetal. Masana suka ce aljana Durmusa ce, duk abin da ta saƙa a gwadonta ya bar duniya ke nan.

Yarima Jatau ya ɗaura takobi, domin mahaifiyarsa Kande na cikin waɗanda suka ɓace. Ya keta sahara mai kukan jarirai, ya ratsa birnin matsafa masu sayar da inuwa, har ya iske Durmusa bisa masaƙar ƙashin giwa, ga wata gimbiya, Tamadina, ɗaure tana yi mata kaɗi.

Durmusa ta ce, "Ya kai bil'adama, ƙasarku a hannuna ta fi kyau, ba fari, ba mutuwa."

Jatau ya ce, "Ba kuma mai shan ruwan koginta."

Suka gwabza har ya sare ta, amma ƙoshiyar saƙarta ta huda masa cinya. Jini na zuba, ya shimfiɗa gwadon yana dubawa. Shuɗin baba, ya ce kogi ne. Jan alharini, ganuwa. Zaren tsamiya, gonakin dawa. Can gefe ya ga fari fat babu zane, ya ce wannan fako ne, ba kowa. Ya yage shi ya ɗaure rauni, jini ya rine shi, ya yar a hanya.

Da suka iso gida da gwadon, Tamadina ta riƙa warware zare, kogi ya dawo yana ambaliya, unguwanni suka tsaya da hayaƙin girkinsu. Da ta kai wurin yagar, sai hannunta ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ina farin nan?"

"Fako ne."

"Ni na kaɗa zarensa. Gonar auduga ce ta fashe, da ɗaki a tsakiyarta."

A gonar audugarta Kande take zaune tun da ta bar fada.

Aka ɗaura wa Jatau da Tamadina aure, aka naɗa shi sarki a madadin Bawale, bai yi dariya ba. Ana cikin buga tambari sai tsohuwa Ladingo, maƙwabciyar Kande, ta kutso da ƙwarya a hannu.

"Jatau, ɗan nan, na fito kai wa Kande fura, katangata na nan, tata babu. Ina kuka kai ta?"