Tayar da Baba Mati Ya Rataye

Masu riƙe da labarai sun ce a mararrabar Ɗan Gauta, kan titin da ya tashi daga Funtuwa ya nufi yamma, akwai wani tsoho mai faci da ake kira Baba Mati. Rumfarsa ta kwano ce a gindin darbejiya, ga injin iska mai tari kamar maigidansa, ga kuma wata tsohuwar taya rataye a reshe, wadda kowa ya ɗauka alamar sana'a ce kawai. Mutum ne mai baƙar magana, ni kaina na sha ta a wurinsa, amma duk titin nan babu wanda ya kai shi sanin taya.

Wata rana a ƙarshen bazara, bayan azahar, hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Sai ga wata ƙaramar mota ta ci birki a bakin rumfar, ta sunkuya ta baya saboda kaya. Mai ita wani malamin gona ne, Lurwanu. Matarsa Zulai ta yi haihuwar fari, jiya aka yi suna, yau zai kai ta gidan iyayenta wankan jego. Tana zaune a baya ta lulluɓe, gwaggonta Hansai na gefenta rungume da jaririyar.

Lurwanu ya fito yana duban sama, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Baba, a ƙara wa tayoyin nan iska, a kai su hamsin. Da sauri don Allah, so nake in riga ruwan nan."

Baba Mati ya tsuguna ya kafa geji a tayar gaba, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Arba'in da biyar take. A jikin ƙofarka masu motar sun rubuta talatin da biyu. Wa ya ɗura mata wannan?"

Lurwanu ya ce, "Ni na sa. Tayoyin nan masu araha ne, irin marasa shan mai, wata uku ke nan da na sa su. Ba su da ƙara, sitiyari ya yi sauƙi, man da nake sha kwana biyar yanzu mako yake yi mini. Sai na lura in na ƙara iska mai yana ƙara auki. Yau kuma man da ke tankina da ƙyar zai kai mu, gidajen man hanya duk a rufe. Ka ƙara kawai."

Baba Mati ya ce, "Me ka ɗauko?"

Lurwanu ya ce, "Buhun gero biyu, da akwatuna, da kayan barka, sai mata a baya." Jaririyar kuwa bai ambace ta ba. Kun san kunyar ɗan fari: tun da aka haife ta bai ɗauke ta a gaban mutane ba, ko sunanta bai faɗa ba.

Tsohon nan ya juya kan tayar gaba. Ya sa ɗan ƙarfensa ya kwance bawul ɗin tayar, wato ɗan abin da ke riƙe iska, ya cusa shi cikin hularsa. Taya ta yi tsaki mai tsawo, mota ta durƙusa.

Ran Lurwanu ya ɓaci. Ya ce, "Baba, wane irin wulaƙanci ne wannan? Ka ga hadari, ka ga mai jego a mota."

Baba Mati ya ce, "Na gani, shi ya sa. Ka zage ni in ka ga dama, an zage ni kafin a haife ka. Bawul dai yana hulata, ba ya fitowa sai ka ji labarin tayar can da ke rataye. In na gama, abin da ka ce shi zan yi maka."

Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Lurwanu ya dubi titi, babu wani mai faci sai an yi mil goma. Ya harɗe hannu ya ce, "To, a taƙaice."

Baba Mati ya ce, "Ga labarin Sabitu direba da tsohuwa mai daddawa."

*

Shekara goma sha biyu ke nan. Sabitu yaron kirki ne, mai fara'a, yana jan motar haya tsakanin kasuwannin ƙauye. Shi ma irin tayoyinka ya samu, masu sauƙi, kuma ba su cuce shi ba. Shi ne ya cuce su. Kullum sai ya tsaya nan ya ce in ƙara, har suka zama in ka buga musu ƙafa sai yatsanka ya yi zafi. Motar kan yi tsalle a kan ɗan ƙaramin rami, fasinja na ƙorafin ƙugu, shi kuwa yana dariya yana cewa motarsa iska take sha ba mai ba.

Wata ranar kasuwa, hadari ya haɗo kamar na yau, ya tsaya nan da mutum tara. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai daddawa, Iya Tabawa, ta sauko ta zauna kan bencin nan don ta miƙe ƙafa. Ina ɗura iska tana kallo. Can ta ce, "Direba, me ya sa kake cika ta haka?"

Sabitu ya ce, "Don ta yi sauƙin tafiya, Iya. In taya ta yi tauri ba ta kama ƙasa sosai, sai mota ta yi ta shillo."

Iya Tabawa ta ce, "Ba ta kama ƙasa, ka ce? To tsaya in ba ka labarin Jatau mai ƙwai, kafin ɗan nan ya gama."

*

Ta ce a garinsu an yi wani mutum, Jatau, mai bin rugage yana sarin ƙwai, ya ɗauko a kwando bisa kai zuwa kasuwa. Takalmansa na tsohuwar taya ne, masu zane mai zurfi a ƙasa. Kullum yana mita, wai nauyi gare su, wai tsakuwa na maƙalewa a zanen, wai su ke sa abokan sana'a suna riga shi isa. Ran nan ya zauna da wuƙa ya fere zanen nan tas, ƙasan takalmi ya koma sumul kamar faranti.

Kuma fa abin ya yi. Duk ranin nan Jatau shi ne farkon isa kasuwa, har yana tsayawa a bakin hanya yana yi wa na baya kirarin tsiya. Wasu biyu ma suka kwaikwaye shi.

Da damina ta faɗi zabi suka fara ƙwai, ya cika kwandon da bai taɓa cika irinsa ba. An yi ɗan yayyafi da safe, wanda bai isa ya jiƙa riga ba. Ya zo gangaren rafi da saurinsa na kullum, ya taka lakar da ta yi santsi a sama, ƙafa ta tafi gaba ta bar shi. Da ya tashi, rawaya yake tun daga hula har wando, ko ƙwai ɗaya bai tsira ba. Yana zaune yana zagin laka, wani bafulatani da ke shayar da shanu ya ɗauko masa takalmin, ya juya shi ya ce, "Laka kam kowa ya taka ta yau. Kai kaɗai ka faɗi."

Iya Tabawa ta dubi Sabitu ta ce, "Shi Jatau ƙwai ya ɗauko, zabi kuma ba su daina yi ba. Kai da ka ɗauko mu fa?"

*

Baba Mati ya share baki da bayan hannu. Tsawa ta yi ƙugi can nesa. Gwaggo Hansai ta sauke gilashi tana saurare.

Ya ci gaba da cewa, fasinjoji suka kwashe da dariya, Sabitu ya ce, "Iya, koma ki zauna, mota ba takalmi ba ce." Ni ma na yi dariya. Ka ji ko? Na yi dariya, tiyon iska yana hannuna. Na san gaskiya ta faɗa, don na fi ta sanin taya, amma Sabitu na kullum ne a wurina, ban so ya koma wa wani ba. Na cika masa. Da za ta shiga mota ta waiwayo ta ce da ni, "Kai ma dai ka ji, ɗan nan."

Ba su yi nisa ba ruwa ya sauko. Ruwan farko shi ne mugu, don duk man da motoci suka ɗiga a kwalta tun kaka shi yake tasowa, titi ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Akwai kwana kafin gada, mil biyu daga nan, za ka bi ta yanzu. Sabitu ya karya sitiyari, mota ta ƙi juyawa. Ya taka birki, ta ƙi tsayawa. Wani mai keke ne ya kawo mana labari, muka ruga.

Tayoyin nan huɗu muka tarar suna kallon sama, babu wadda ta fashe, kowace tauri kamar dutse. Iskata ce a ciki. Sabitu ya rayu, amma bai sake jan mota ba, ƙafarsa ta dama ta tafi. Mutum takwas Allah Ya yi musu sauran kwana. Iya Tabawa ni na ciro ta da hannuna, ƙunshin daddawarta na ɗaure a bakin zani. Ba ta kai asibiti ba.

Daga baya na roƙi taya ɗaya na rataye ta inda zan riƙa ganinta kowace safiya. Iya Tabawa ta ba da labari, ba ta da bawul a hannu. Ni ina da shi.

*

Lurwanu ya sassauta murya, amma bai sauka ba. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Amma Baba, wannan motar haya ce da tsofaffin tayoyi. Nawa sababbi ne, kuma ni ba na gudu. In man nan ya ƙare mana a daji da mai jego, ya zan yi?"

Baba Mati ya harare shi ya ce, "In mai ya ƙare, mota tsayawa take yi a kan ƙafafunta huɗu, ka ji kunya, ka tari mai babur ya samo maka galan. Zo nan, malamin gona."

Ya ja shi gindin bishiya, ya juya tayar da ke rataye. Tsakiyarta ta cinye sumul, gefe da gefe kuwa zane na nan daram kamar ba a taɓa hawa ba. Sannan ya kai shi tayar bayan motarsa, ya ce ya tsuguna. Ƙura ta yi layi a tsakiyar tayar kaɗai. A gefunan kuwa, ƴan siraran gashin roba da sabuwar taya ke zuwa da su suna nan tsaye.

Baba Mati ya ce, "Wata uku kana tafiya, gefen nan bai taɓa ƙasa ba. Auna mini inda take taɓawa."

Lurwanu ya ɗora hannu a layin ƙurar. Yatsu huɗu, ba su ma cika ba. Ya daɗe a tsugune yana kallon yatsunsa.

Tsohon ya ce, "Tayar nan ba ta da laifi. An yi ta don ta rage maka shan mai, ta kuwa rage. Kai ne ka ce bai ishe ka ba, ka ɗaga ta daga ƙasa. A kan yatsu huɗun nan za ka shiga kwanar gada cikin ruwan farko." Ya cire hula, ya fito da bawul ya riƙe a tafin hannu. "Na yi alkawari, abin da ka ce zan yi. Amma ɗazu na tambaye ka ka lissafa mini gero da akwati. Me ka ɗauko?"

Ɗigon farko ya bugi kwanon rumfa. Aka yi wata tsawa kusa, jaririyar ta firgita ta tsala kuka, siririn kuka na ƴar kwana takwas. Lurwanu ya miƙe, ya dubi motar. Sannan ya ce, a gaban gwaggo da kowa, "Ƴata na ɗauko, Baba. Rumasa'u."

Gwaggo Hansai ta rufe baki da mayafi. Zulai ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan zaninta.

Lurwanu ya ce, "A mai da su talatin da biyu, duka huɗun. In da ƙarin da ya kamata saboda kaya, kai ka sani. Kuma ba za mu tashi ba sai ruwan nan ya wanke titi."

Baba Mati ya ce, "Na baya zan ƙara musu kaɗan, kamar yadda aka rubuta a ƙofar. Kauce mini daga haske, ka tsaya kamar turke. Je ka shigo da su, mota za ta yi sanyi."

Lurwanu ya buɗe ƙofar baya, ya miƙa hannu biyu. Gwaggo ta ɗora masa jaririyar. Ya lulluɓe ta da babbar rigarsa, ya tako a hankali cikin ruwa kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai, ya zauna da ita a kan bencin nan da tsohuwa ta taɓa zama. Baba Mati kuwa yana tsugune a waje, ruwa na dukan bayansa, yana sakin iska yana duba geji.

Nan masu labari suka ajiye shi, ni ma nan na ajiye. Tayar tana nan rataye har yau, wanda ya bi ta mararrabar Ɗan Gauta ya tsaya ya shafa tsakiyarta.